Darasi: Wa Ke Zuwa Idan An Kira? Soja, Hukuma da Yardar Jama'a a Ƙasar Anka, Bukkuyum da Gummi

Wannan darasi na ilimin zama ɗan ƙasa ne, kuma an gina shi a kan tambayar da kowa a ajin nan ya taɓa yi wa kansa ko da bai furta ba. Idan dare ya tsala aka ji ƙarar babura daga bakin daji, wa ake fatan ya zo? Idan kuma gari ya waye aka samu saɓani a kan iyakar gona, ko yaro ya kwanta ciwo, ko an kama ɗanka an rufe, wa ake nufa, kuma da wace irin zuciya ake tafiya?

Yawancin abubuwan da za a ambata a gabanku aka yi su. Mutumin Duza ko Dareta ko Nasarawar Burkullu ba ya bukatar littafi ya gaya masa abin da ya gani da idonsa, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Aikinmu a nan shi ne mu ɗauko abubuwan da suka faru a shekaru daban-daban mu ajiye su gefe da gefe, mu ga abin da ke sa mutum ya saki jiki da wata hukuma ya ɗaure fuska ga wata.

Yarda, tsoro da rashin zaɓi

Mu fara daga kasuwa. Mutum yakan damƙa wa dillali ragonsa ya tafi sallah, ba takarda, ba shaida. Mata sukan zuba adashi wata da watanni a hannun mace guda. Dalili kuwa an gwada su an gani. Dillalin ya sayar bara ya kawo kuɗin cif. Uwar adashi ba ta taɓa tsallake kwasar kowa ba, ranar da lissafi ya ruɗe ma ta ce kuskurenta ne, ta cika daga lalitarta. Wannan ita ce yarda: ka saki abinka a hannun wani, hankalinka kwance, saboda abin da ka gani daga gare shi a baya.

Akwai abu biyu masu kama da yarda da ya kamata mu ware. Ɗaya tsoro ne. Ƙauyen da ya yi karo-karo ya tara kuɗi ya kai wa ɗan bindiga domin a bar shi ya girbe geronsa bai yarda da ɗan bindigar ba, ko da an kira abin sulhu. Ɗayan kuma rashin zaɓi ne, wanda Hausawa ke cewa rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Mutum yakan riƙe abin da ya samu saboda babu wani. Ku riƙe wannan bambanci, domin za mu bukace shi idan muka zo kan soja.

Abin da masu bincike suka gano

Akwai wata cibiya mai suna Afrobarometer wadda tun 1999 take zagaya ƙasashen Afirka tana tambayar mutane ra'ayinsu a kan gwamnati. Daga cikin tambayoyinta akwai wannan: yaya girman yardarka da shugaban ƙasa, da majalisa, da kotu, da hukumar zaɓe, da 'yan sanda, da soja, da sarakuna, da malaman addini? A Najeriya amsar takan fito da fasali kusan iri ɗaya kowane zagaye. Malaman addini da sarakuna da soja su ne a sama. Majalisar dokoki da hukumar zaɓe da 'yan sanda suna can ƙasa, kuma sau da yawa ɗan sanda ne na ƙarshe. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi bincike a kan cin hanci, rahotanninta na 2017 da 2019 suka nuna cewa 'yan sanda ne kan gaba cikin ma'aikatan da talaka ke cewa ya ba su na goro.

Wannan ba a Najeriya kaɗai ba ne. A ƙasashen Afirka da yawa, har ma a Amurka, soja yakan fi 'yan majalisa farin jini. Sai dai a lura, zama a saman 'yan sanda ba ya nufin kowa ya yarda da soja. A Najeriya masu ɗari-ɗari da shi suna da yawa ƙwarai. Kuma binciken na ƙasa baki ɗaya ne, an haɗa amsar mutumin Legas da ta mutumin Gummi an fitar da adadi guda. Mu a nan muna da namu ma'aunin.

Me ya sa soja ke gaba?

A tsarin mulkin 1999, sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa duka, ita ke da alhakin tsaron cikin gida. Sashe na 217 kuma ya ba soja aikin kare ƙasa daga harin waje da tsare iyakokinta, sannan ya ce zai iya taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan shugaban ƙasa ya kira shi. Wato a takarda soja baƙo ne a cikin ƙauye, ɗan sanda ne ɗan gida.

A ƙasa kuwa abin ya juye. Satar shanu da ramuwar gayya da suka fara ƙamari wajen 2011 a yankin Ɗansadau sun girma sun fi ƙarfin caji ofis mai mutum ƙalilan da mota ɗaya. A watan Yuli 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Zamfara sanye da kakin soja ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama. Aka yi Sharan Daji, aka yi Hadarin Daji daga 2019, sai Fansan Yamma a 2024. Akwai birged ta 1 a Gusau, ƙarƙashin runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato. Ku lura da sunayen farmakin nan, duk na Hausa ne. Soja ya san da wa yake magana.

Kowa a nan ya san abin da sansanin soja ke yi wa gari. Inda aka girke su kasuwa takan ci, gonakin kusa sukan nomu, mutanen ƙauyukan gefe sukan kwaso kaya su matso. Ranar da aka ji za a janye su kuwa, wani lokaci kafin motocin su gama fita mata sun ɗaura kaya a ka. An sha ganin jama'a sun tare babbar hanya, ba abinci suke nema ba, ba kuɗi ba, cewa suke a dawo masu da soja. Kuma sojan nan yana mutuwa. Yaro ne daga Binuwai ko Oyo ko Borno, bai san kowa a Bukkuyum ba, ya faɗi a kwanton ɓauna a hanyar da mu muke bi zuwa kasuwa. Wanda ya ga haka ba zai raina kaki ba, kuma bai kamata ya raina ba.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Soja ba kullum muke cuɗanya da shi ba. Ɗan sanda kuwa yana kan hanya, yana kasuwa, shi ake kai wa ƙarar bashi da ta dambe, shi ke rufe mutum, shi ke ba da beli. Duk wata ƙaramar cuta da talaka ya haɗu da ita daga hukuma, galibi fuskar ɗan sanda ce a kanta. Mutum ya ga an rubuta a bango cewa beli kyauta ne, ya fito aljihunsa wayam, wannan ba ya mantuwa. Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen: 'yan sanda ma an kashe su da yawa a Zamfara, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kayan aikinsu bai kai na waɗanda suke fuskanta ba. Kuma duk inda soja ya daɗe a shingen hanya yana hulɗa da direbobi safe da yamma, irin ƙorafin da ake yi a kan ɗan sanda yakan fara biyo shi. Ashe wani ɓangare na farin jinin soja daga nisa yake zuwa.

Inda bango ya tsage

Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 'yan bindiga a kan ɗaruruwan babura suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Ɗanya da Rafin Gero da Barayar Zaki, suna harbi suna ƙone gidaje da rumbuna. Hakan ya biyo bayan ruwan bama-baman da jiragen yaƙi suka yi a maɓoyarsu kwanaki kaɗan kafin nan. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen da suka yi jana'iza suka ce sun kai 200, ma'aikatar jin ƙai ta tarayya kuma ta goyi bayan wannan adadi, ta ce dubban mutane sun rasa matsuguni.

Abu biyu ne suka yi wa yarda illa a nan. Na farko, kwana uku ana abu guda. Jirgi ya taɓa gidan rina ya koma Katsina ko Kaduna, mutanen ƙauyuka su suka sha harbi, kuma ba a tanadi masu tsare su ba. Na biyu shi ne adadin. Mutumin da ya haƙa kabari da hannunsa ya ji a rediyo an rage yawan gawarwakin da ya binne, gobe idan wannan bakin ya ce masa an fatattaki 'yan bindiga, yaya zai gaskata?

Sai kuma kuskuren jirgi. A Afrilu 2019 majalisar sarakunan Zamfara, wadda Sarkin Zamfaran Anka ke shugabanta, ta fito fili ta ce bama-baman jiragen yaƙi suna faɗa wa fararen hula. Rundunar sojan sama ta musanta, ta nemi a kawo hujja. A kwanakin ne kuma ministan tsaro na lokacin, Mansur Ɗan Ali, wanda shi ma ɗan Zamfara ne, ya zargi wasu masu sarauta da taimakon 'yan bindiga. Hukumomi biyu da talaka ya fi dogara da su suka koma nuna wa juna yatsa a gabansa. Bayan haka an samu irin wannan kuskure a Mutumji ta ƙaramar hukumar Maru a Disamba 2022, inda gomman mutane suka mutu, da Tungar Kara a Janairu 2025, inda aka kashe kimanin mutum 16, yawancinsu 'yan sa-kai da suka fito kare garinsu.

Ku kwatanta da Tudun Biri a jihar Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Wannan masifa ce babba. Amma rundunar ta amsa cewa ita ce, kuma babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri. Haƙuri ba ya ta da mamaci, kuma mutane suna da gaskiya idan suka nemi a hukunta mai sakaci a biya diyya. Duk da haka, hukumar da ta ce ni na yi, ta bar ƙofar da za a sake sauraron ta. Wadda ta ce ba a yi komai ba alhali ana zaman makoki, ita ta rufe ƙofar da hannunta.

Yarda kuma hanya ce mai zuwa da dawowa. Soja ba ya ganin cikin daji sai da idon mutanen gari. Idan manomi ya kai rahoto yau, jibi aka zo har gida aka ɗauke shi saboda maganar ta fita, maƙwabcinsa zai kama bakinsa. Idan kuma soja ya ga duk motsinsa 'yan infoma sun riga sun kai labari, sai ya fara yi wa kowa kallon abokin gaba. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka tsayar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk domin a toshe wannan kafa. Matakin ya takura 'yan bindiga na ɗan lokaci. Ya kuma hana mutumin ƙauye kiran agaji.

Shekarar dalma

Yanzu mu koma baya zuwa wata masifa wadda bindiga ba ta da amfani a cikinta, domin a ganina ita ce ta fi koya mana yadda ake gina yarda.

A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya fara amai, ya yi jijjiga, ya sandare, a yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido a kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsu daga ramuka zuwa cikin gida, ana farfasawa, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga hannun da yaro ke kai wa baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Ƙauyuka bakwai aka fara tantancewa: Abare, Dareta, Duza, Sunke da Tungar Daji a Anka, sai Tungar Guru da 'Yargalma a Bukkuyum.

Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari. Wasu sun ɓoye mutuwar 'ya'yansu don gudun kada a hana su haƙar da ita ce abincinsu. Wannan ba wauta ba ce, abin da suka saba gani ne: hukuma takan zo ne ta hana ko ta karɓa. To me ya sauya? Masu aikin sun bi ta hannun sarakuna da hakimai da limamai. Ba su ce a daina neman zinare ba, cewa suka yi a fitar da niƙa daga cikin gida zuwa bayan gari, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Ƙwararru na TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha da matasan ƙauyukan da aka ɗauka aiki, suka bi gida-gida suna kankare saman ƙasa da fartanya, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. Sai an gama wannan ake ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin idan ya koma cikin ƙurar maganin ya tashi a banza. Uwa ta kai ɗanta yana jijjiga ta dawo da shi yana wasa. Gani ya kori ji. Mutuwar ta ragu ƙwarai cikin watanni.

Bagega kuwa, wadda ita ma dalmar ta shafa kuma ta fi sauran girma, sai da ta jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, aka shekara ana jiran kuɗin, yara kimanin 1,500 suna zaune cikin guba ba halin a fara masu magani. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasa 'yan Najeriya masu bin diddigin kuɗin gwamnati suka ta da murya a rediyo da intanet kafin aka fara sakin kuɗin a Janairu 2013, aka share garin a cikin shekarar. MSF ta ci gaba da aikin dalma har farkon 2022, lokacin da ta miƙa shi ga hukumomin jiha. Kusan shekara 12 ke nan.

Ku dubi abin da ya faru. Baƙi ne, wasu ko Hausa ba sa ji, ba su da bindiga, ba su da ikon kama kowa, amma suka samu yardar da hukumomin ƙasa da yawa ba su samu ba. Sun zo lokacin da ake bukata, sun zauna har aikin ya nuna, sun faɗi gaskiyar abin da ke kashe yara ko da ba ta da daɗin ji, kuma ba su taɓa abincin mutane ba tare da nuna masu wata hanya ba. Abin da ke damuna shi ne wannan aiki na asibitin gwamnati ne da ma'aikatar ma'adinai, su ya kamata su fara ganin kaburburan. Da gwamnatin tarayya ta waiwayi zinaren Zamfara da ƙarfinta a Afrilu 2019, hani ta zo da shi saboda tsaro, hanin da ba a ɗage ba sai Disamba 2024. A tsakanin nan haƙa ba ta tsaya ba, sai dai ramuka da yawa sun koma ƙarƙashin masu bindiga.

Sarakuna da askarawa

Sarauta a wannan yanki tsohuwa ce. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, sarautar da ta baro Birnin Zamfara bayan Gobirawa sun ci shi a ƙarni na 18. Da 'yan gudun hijira suka cika Anka, a filin ginin sabuwar fadar sarki da yawansu suka samu mafaka. Mai unguwa da dagaci suna kwana inda muke kwana, shi ya sa ake jin maganarsu. Amma tun gyare-gyaren mulki da suka ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ba su da 'yan doka, ba su da kotu, ba su da baitulmali. Kuma ba duka suka tsira da mutuncinsu ba. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeton 'yan sanda M.D. Abubakar ya zargi wasu sarakuna da hakimai, har da wasu jami'an tsaro, da hannu a cikin ta'asar, daga baya kuma an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022.

A ƙarshen Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600. 'Ya'yanmu ne, sun san daji, ba a yi masu canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Sai dai kowa ya tuna yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya ƙara wa wutar nan fetur. Idan ka tambayi Bafulatanin da ke ruga, wanda shi ma an sace masa shanu, wace hukuma ya yarda da ita, amsarsa za ta iya bambanta da ta mutumin cikin gari. Shi ma ɗan ƙasa ne, kuma amsarsa tana cikin lissafi.

Yarda da soja daban, mulkin soja daban

Wani zai ce, tunda soja ya fi, me zai hana a ba shi mulkin gaba ɗaya? An ji irin wannan magana bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da na Mali da Burkina Faso kafin shi. Najeriya ta riga ta gwada. Soja ya yi mulki daga 1966 zuwa 1979, ya dawo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kusan shekara 29. Jihar Zamfara kanta gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta ƙirƙire ta ranar 1 ga Oktoba 1996. An yi ayyuka a zamanin, an kuma rufe mutane ba shari'a, an kwashi dukiyar da har yau ake karɓo ta daga bankunan Turai. Dattawan ajin nan sun ga duka biyun.

Sojan da muke yabo shi ne wanda ke tsaye a bakin gari. Ranar da ya hau kujera, shi zai raba kwangila, shi zai naɗa kantoma, shi zai karɓi haraji, duk abin da ya ɓata sunan ɗan siyasa zai same shi, ga kuma bindiga a hannunsa, ba ranar zaɓe da za a sauke shi. Kuma ko yau aka kori ɗan bindiga na ƙarshe daga dajin Gando, rikicin burtali da gona yana nan, marayu suna nan ba makaranta, ƙurar dalma tana nan. Waɗannan aikin alƙali ne da malamin gona da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. Ba a horar da soja don su ba.

Inda ake kai koke

Doka ta ba ku wasu ƙofofi, kuma sanin su yana rage raini. Wanda aka kama, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar ƙara a kan soja da ɗan sanda da kowane jami'i, ba a biyan ko kwabo. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a tun 1975, da hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. Rundunar sojan ƙasa ma ta buɗe teburin haƙƙin ɗan Adam a 2016. Koken da aka rubuta, da rana da wuri da sunayen shaidu, aka kai shi a ƙungiyance, ya fi wuyar yin watsi da shi a kan na mutum ɗaya da ya je da baki. Wannan yana daga cikin amfanin karatun da kuke yi yanzu.

Aikin aji

1. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya ɗauki hukuma ɗaya: soja, 'yan sanda, ko asibitin gwamnati. Ku tuno lokaci guda da ta zo da aka kira ta, da lokaci guda da ba ta zo ba. Kada a ambaci sunan kowa.

2. A cikin jimla uku, rubuta bambancin yarda da tsoro, ka kawo misali daga kasuwa ko gona.

3. Me ya sa ba a fara ba yaran Bagega magani ba sai da aka share garin? Wa ya jawo jinkirin, kuma me ya kawo ƙarshensa?

4. Aikin gida: rubuta wasiƙa mai layi goma zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarka a kan abu ɗaya da garinku ke bukata wanda ba aikin soja ba ne. Sa kwanan wata da sunan gari, ka zo da ita aji na gaba a karanta.